Masu bin sawun cuta da kwamfuta: Yadda aka gano shan-inna ta ɓuya shekara biyar a Borno

A ƙarshen watan Yulin 2016, jami'an lafiya a Najeriya na cikin farin ciki. Ƙasar ta cika shekara biyu cur ba a samu yaro ko ɗaya da ƙwayar shan-inna ta asali, wadda masana ke kira ta daji, ta shanye wa ƙafa ba. Na ƙarshe da aka gani a ƙaramar hukumar Sumaila ta jihar Kano yake, tun watan Yulin 2014.

Tun a Satumbar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sunan Najeriya daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu. Lissafin da ake yi shi ne saura shekara ɗaya a ayyana nahiyar Afirka baki ɗaya ta rabu da ita.

Ba a yi mako uku ba murna ta koma ciki. Ranar 11 ga watan Agusta aka sanar da samun yara biyu da cutar ta kama a jihar Borno, ɗaya daga Gwoza, ɗaya daga Jere. Daga baya aka samu ƙarin biyu a Monguno.

Tambayar da ta tsaya wa kowa a rai ita ce: daga ina ƙwayar ta fito? Idan wani matafiyi ne ya kwaso ta daga Pakistan ko Afghanistan, inda har lokacin take yaɗuwa, to matsalar ta shigowa ce, za a iya yi mata ƙawanya a kashe ta. Idan kuwa a gida take tun fil'azal, ma'anarsa shekara biyun da aka yi ana murna, cutar na nan tana bin yara ba a sani ba.

Babu likitan da zai duba ƙafar yaro ya amsa wannan tambaya. Amsar ta fito ne daga jerin haruffa kusan 900 da aka zuba a kwamfuta.

Haruffa huɗu kacal

Duk wani abu mai rai yana ɗauke da rubutaccen tsarin halittarsa a cikin sinadarin DNA, wasu ƙwayoyin cuta kuma a cikin ɗan'uwansa RNA. Masana na rubuta wannan tsari da haruffa huɗu: A, C, G da T. Na ƙwayar shan-inna bai wuce haruffa 7,500 ba. Na korona kusan 30,000 ne. Na ɗan Adam kuwa ya kai biliyan 3.

Akwai na'urorin da ke karanta waɗannan haruffa, sai dai ba sa karantawa daga farko zuwa ƙarshe kamar yadda mutum ke karanta wasiƙa. Yawancinsu na fito da gutsattsari ne, kowanne haruffa 100 zuwa 300, miliyoyinsu a cakuɗe. Kamar a ɗauki kwafi 30 na jarida ɗaya, a yayyaga su ƙanana-ƙanana, a zuba a buhu a girgiza, sannan a ce wa mutum ya fito da labarin da ke shafin farko.

Idan samfurin jinin majinyaci ne, akwai ƙarin wahala: mafi yawan gutsattsarin na majinyacin ne kansa, na ƙwayar cutar da ake nema kaɗan ne ƙwarai a ciki.

Aikin tace wannan tarkace, a jera shi, a kwatanta da abin da aka sani a baya, a fitar da ma'anar da likita ko gwamnati za su iya aiki da ita, shi ne fannin da ake kira bayo-infomatiks, wato nazarin bayanan halittu da kwamfuta. Masu yin sa rabi masana halittu ne, rabi masana lissafi da rubuta manhaja. Da yawansu na iya shafe shekaru ba su taɓa kwalbar jini ba.

Fannin ya girmi intanet. A 1965 wata masaniya Ba'amurkiya, Margaret Dayhoff, ta tattara dukkan jerin furotin da aka sani a lokacin cikin littafi guda, ba su wuce 65 ba. A 1970 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Paulien Hogeweg da Ben Hesper, suka ƙirƙiro sunan. A 1982 aka buɗe rumbun GenBank a Amurka, inda masu bincike daga ko'ina ke ajiye jerin haruffan da suka karanta, kowa kuma na iya shiga ya duba kyauta.

Wannan rumbu da ire-irensa su ne ƙashin bayan aikin. Jerin haruffa shi kaɗai ba ya cewa komai sai an aza shi kusa da wani.

Tuntuɓen alƙalami da ya zama agogo

Wanda ya san yadda ake kwafar littattafai da hannu a zamanin da zai gane dabarar da sauri. Idan marubuci ya yi tuntuɓen alƙalami a wani shafi, duk wanda ya kwafa daga kwafinsa zai gaji wannan kuskure, ya kuma ƙara nasa. Bayan shekaru, wanda ya tara kwafi goma ya bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya zai iya cewa wannan daga wancan aka kwafo shi, waɗannan biyun kuma malaminsu ɗaya.

Haka ƙwayar cuta take. Duk lokacin da ta hayayyafa a jikin mutum, kwafar haruffanta take yi, kuma takan yi kuskure nan da can. 'Ya'yanta su gaji kuskuren.

Abin da ya sa ƙwayar shan-inna ta yi daɗin bi shi ne kurakuranta na taruwa bisa wani ƙa'idajjen sauri: kusan kashi 1 cikin 100 a shekara. Masu bincike kan duba wani yanki nata da ake kira VP1, mai haruffa kusan 900. Ke nan kimanin haruffa tara ko goma ke sauyawa duk shekara. Idan aka samu ƙwayoyi biyu, aka ƙirga bambancin da ke tsakaninsu, za a iya ƙiyasta tun yaushe suka rabu da kaka ɗaya.

Najeriya na da ɗakunan gwajin shan-inna biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, ɗaya a Ibadan ɗaya a Maiduguri, kuma suna cikin wata haɗakar ɗakunan gwaji ta duniya da ta daɗe tana adana jerin haruffan duk ƙwayar da aka kama. Da aka karanta ƙwayoyin Borno na 2016, sai aka aza su kan wannan taska.

Ba su yi kama da na Pakistan ba. 'Yar'uwarsu mafi kusa ita ce wata ƙwaya da rabon da a gan ta tun 2011, a Bornon kanta.

Ma'ana, ƙwayar ta shafe kimanin shekara biyar tana wucewa daga yaro zuwa yaro ba tare da ta faɗa komar masu sa ido ba. Masana na kiran irin wannan "marainiyar ƙwaya", saboda an ga ta amma ba a ga iyayenta na kusa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yankunan da rikicin Boko Haram ya raba da sauran ƙasa, babu mai kai musu allurar rigakafi, babu kuma mai ɗauko rahoton yaron da ƙafarsa ta shanye.

Akwai wani lissafi da ke ƙara wa lamarin nauyi. Cikin yara kusan 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai takan shanye wa gaɓa. Sauran na yaɗa ta ba tare da wata alama ta a-zo-a-gani ba. Yara huɗu da aka gani na nufin ɗaruruwa da ba a gani ba.

Wannan sakamako ne ya nuna girman aikin da ke gaba. Ministocin lafiya na Najeriya, Nijar, Chadi, Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suka ayyana lamarin a matsayin na gaggawa a yankin Tafkin Chadi, aka shiga zagayen rigakafi a ƙasashen tare, aka kuma nemo hanyoyin kaiwa ga yaran da ke wuraren da ba sa shiguwa. Yaron Monguno da ya kamu a watan Agustan 2016 shi ne na ƙarshe. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana yankin Afirka ya rabu da shan-inna ta daji.

Dabarar ta sake yin rana a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka samu wata yarinya da irin wannan ƙwaya a Lilongwe, babban birnin Malawi. A wannan karon haruffan sun nuna dangantaka da ƙwayar lardin Sindh na Pakistan. Tunda shigo da ita aka yi, Afirka ba ta rasa shaidarta ba. Tambaya iri ɗaya da ta Borno, amsa daban.

Da wannan ƙirgen ne kuma ake bambance ƙwayar daji da wadda ta samo asali daga rigakafin da ake ɗigawa a baki. Rigakafin na ɗauke da ƙwaya mai rauni, wadda idan ta samu al'ummar da yawancin yaranta ba a yi musu rigakafi ba, takan daɗe tana yawo tana tara sauye-sauye har ta dawo da ƙarfi. Irin wannan ce ke addabar wasu jihohin Arewa a 'yan shekarun nan, kuma saboda ita aka ƙera sabon rigakafi mai wuyar rikiɗewa, wanda Najeriya ce ta fara amfani da shi a 2021.

Ɓera ne ko mutum?

A farkon 2018 zazzaɓin Lassa ya ɓarke a Najeriya fiye da yadda aka taɓa gani. Kafin shekarar ta ƙare, Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da mutum sama da 600 sun kamu, sama da 170 sun mutu. Jihohin Edo, Ondo da Ebonyi ne suka fi jin jiki.

Cutar ba baƙuwa ba ce. Sunanta ma na garin Lassa ne da ke kudancin Borno, inda aka fara gane ta a 1969. Wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ƙwayar, yana zubar da ita a fitsari da kashinsa, ta gurɓata abinci da kayan gida. Takan kuma bi daga mutum zuwa mutum, musamman a asibitoci.

Amma a 2018 tabon Ebola bai warke ba a Afirka ta Yamma. Fargabar da aka shiga ita ce ko ƙwayar Lassa ta rikiɗe ta koma mai saurin bin mutane. Idan haka ne, sai a shirya wa annoba irin ta Ebola. Idan ba haka ba, sai a mayar da hankali kan ɓeraye, rumbuna da saurin gano masu cutar.

Tawagogi biyu suka duƙufa. Ɗaya ta haɗa cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a garin Ede na jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, da Cibiyar Broad ta Amurka. Ɗayar ta yi aiki a Asibitin Koyarwa na Ƙwararru da ke Irrua a jihar Edo tare da masana daga Jamus da Birtaniya, da wata 'yar na'ura mai suna MinION wadda ba ta kai girman wayar hannu ba, ana jona ta da kwamfutar tafi-da-gidanka.

Abin da suke nema shi ne siffar bishiyar dangantaka. Idan cuta na bin mutane ne, ƙwayoyin majinyata za su yi kama da juna sosai, kamar 'yan ɗaki ɗaya, bishiyar ta fito da reshe guda mai ƙananan rassa a cunkushe. Idan kuwa kowa daga ɓeran gidansa ya kwasa, ƙwayoyin za su bambanta da yawa, domin sun daɗe da rabuwa a cikin ɓeraye.

Akwai misali na kusa da za a kwatanta da shi. A 2014, wata tawaga da Farfesa Happi ke cikinta ta karanta ƙwayoyin Ebola 99 daga majinyata 78 a Saliyo. Bishiyar ta nuna annobar ta faro ne daga tsallakowa guda ɗaya daga dabba zuwa mutum, daga nan mutane suka ci gaba da shafa wa juna. Biyar daga cikin waɗanda suka rubuta wannan rahoto Ebola ta kashe su kafin a buga shi, cikinsu har da Dakta Sheik Humarr Khan, babban likitan da ke jagorantar yaƙi da cutar a Kenema.

Bishiyar Lassa ta 2018 ta fito da akasin haka. Ƙwayoyin a warwatse suke cikin zuriyoyin da aka riga aka sani daga shekarun baya. Babu sabon nau'i. Yawancin majinyatan kowa tasa hanyar daban ce, alamar daga ɓera suka kwasa, sai 'yan kaɗan da suka shafa wa juna. Tawagogin biyu, da na'urori daban-daban, sun isa matsaya ɗaya, kuma sun miƙa wa hukumomin lafiya sakamakon tun cutar na kan ganiyarta, ba su jira fitowar mujalla ba.

Binciken ya fito da wani abu da ba shi aka je nema ba: zuriyoyin ƙwayar sun rabu ne bisa yankuna, kuma da alama kogunan Neja da Binuwai ne iyakokinsu. Ɓeraye ba sa haye babban kogi cikin sauƙi, don haka ƙwayar kowane tsallake ta zauna da danginta.

Sanƙarau da ta yi aron riga

A ƙasar Hausa, sanƙarau abokiyar bazara ce. Shekara da shekaru nau'in A ne ke haddasa manyan annoba, har aka fito da rigakafin MenAfriVac a 2010, ya karya lagonsa.

A 2013 sai ga wani nau'in C da ba a saba gani ba ya ɓulla a jihar Sakkwato, ya shiga Kebbi. A 2015 ya afka wa Nijar, inda aka samu dubban masu cutar, har da birnin Yamai. Tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017 ya kama mutum sama da 14,000 a Najeriya, ya kashe sama da 1,100, Zamfara ce kan gaba.

Masana a Cibiyar Lafiyar Al'umma ta Norway da abokan aikinsu sun karanta cikakken jerin haruffan ƙwayoyin, suka buga sakamakon a 2018. Sun gano kakar wannan nau'i wata ƙwaya ce marar cutarwa da ke zaune a maƙogwaron mutane masu lafiya, an ma samu 'yar'uwarta a Burkina Faso. Abin da ya mayar da ita makashiya shi ne ta kwaso wasu gutsattsarin DNA daga wasu ƙwayoyin, ciki har da waɗanda ke ƙera mata wata riga da ke kare ta daga garkuwar jiki.

Bakteriya na yin irin wannan aro a tsakaninsu, abin da ke rikita bishiyar dangantaka idan mai nazari bai lura ba. Dole a fara gano sassan da aka aro, a ware su, kafin a ƙirga shekaru. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, wanda ya haɗa nau'o'i biyar: A, C, W, X da Y.

Idan aka zo kan ɗan Adam, aikin ya fi wuya

Ƙwayar cuta ƙaramin littafi ce. Ɗan Adam ɗakin karatu ne. Aikin karanta jerin haruffansa karo na farko ya ɗauki daga 1990 zuwa 2003, ya kuma laƙume kusan dala biliyan 3. Yanzu ana yi cikin kwanaki da ƙasa da dala 1,000, amma ɗanyen bayanin mutum ɗaya na iya kai gigabait 100, wato ya kusa cika waya mai ma'adanar 128.

Idan aka kwatanta kowane mutum da jerin da ake amfani da shi a matsayin ma'auni, za a samu bambanci a wurare miliyan 4 zuwa 5. Kusan dukkansu ba su da wata illa. Wani lokaci kuma harafi ɗaya tak ya isa: cutar sikila ta samo asali ne daga sauyawar A zuwa T a wuri guda cikin ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin jan jini. A Najeriya ana ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara.

Ta yaya za a tsinto harafin da ke da laifi cikin miliyoyin da ba ruwansu? Hanyar da aka fi bi ita ce a tara dubban masu wata cuta da dubban marasa ita, kwamfuta ta bi wurare miliyan ɗaya ko fiye tana duba inda ɓangarorin biyu suka bambanta.

Nan akwai tarko na lissafi. A binciken yau da kullum, masana kan karɓi sakamako idan yiwuwar ya faru bisa katari bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wanda ya yi amfani da wannan ma'auni a wurare miliyan ɗaya zai tashi da "sakamako" kusan 50,000 na ƙarya. Shi ya sa a wannan fanni aka tsaurara ma'aunin zuwa ɗaya cikin miliyan 20. Duk lokacin da aka ji labari cewa an gano ƙwayar gadon wata cuta, tambayar farko da ta dace ita ce mutum nawa aka gwada, kuma an sake samun haka a wata al'umma?

Tarko na biyu ya fi shafar Afirka. Wani nazari na 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi irin waɗannan bincike a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kusan kashi 2. Alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambance-bambancen ƙwayoyin gado, domin a nan ɗan Adam ya fi daɗewa.

Illar wannan giɓi ta fito fili a wani rahoto da masana daga Jami'ar Harvard suka buga a 2016, kan cutar kaurin tsokar zuciya, wadda kan kashe matasa farat ɗaya, musamman 'yan wasa. An samu majinyata, galibinsu 'yan asalin Afirka, da aka ba su sakamakon gwaji cewa suna ɗauke da sauyin da ke jawo cutar. Daga baya aka gano sauye-sauyen ba su da illa. Kawai dai sun yi ƙaranci a jikin Turawan da aka kwatanta da su, sai aka ɗauka baƙi ne masu haɗari, alhali ruwan dare ne a tsakanin baƙaƙen fata. Masu rahoton sun nuna da an saka baƙaƙen fata ko da kaɗan ne cikin waɗanda aka yi kwatancen da su, da ba a yi kuskuren ba.

Irin wannan sakamako ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. Ana gwada 'yan'uwansa, a tsorata wanda lafiyarsa ƙalau, a kuma kwantar wa wani hankali alhali ba a gano ainihin musabbabin cutar gidansu ba.

Shirin H3Africa, wanda Hukumar Binciken Lafiya ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka ɗauki nauyi, an kafa shi ne don rage wannan giɓi, tare da reshensa na horar da masu nazarin bayanai, H3ABioNet, da Farfesa Nicola Mulder ta Jami'ar Cape Town ta jagoranta. A 2020 masanan shirin suka buga nazarin mutum 426 daga ƙabilu 50 a ƙasashen Afirka 13, cikinsu har da Berom na jihar Filato. Daga waɗannan 'yan mutane kawai aka samu sauye-sauye sama da miliyan 3 da babu su a kowane rumbu. Najeriya ita kaɗai na da ƙabilu sama da 250.

Kwamfuta ma na yin kwaɓa

Ba kowane kuskure ne mai zurfi ba. A 2016 wasu masana a Ostireliya suka binciki dubban rahotannin kimiyya da aka haɗa da jadawalin Excel, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na ɗauke da gurɓatattun sunayen ƙwayoyin gado. Manhajar kan ga suna irin SEPT2 ko MARCH1 ta ɗauka kwanan wata ne, ta mayar da shi 2 ga Satumba ko 1 ga Maris ba tare da ta tambayi kowa ba. Abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gado suna ya haƙura ya sauya wa 27 daga cikinsu suna.

Kuskure mafi haɗari shi ne mantawa cewa bishiyar dangantaka na nuna abin da aka ɗebo ne kawai. Inda ba a ɗauki samfuri ba, ba zai fito a taswira ba, kamar yadda ƙauyukan Borno suka ɓace daga lissafi tsawon shekara biyar. Haka nan wurin da aka fara ganin cuta ba lallai ne ya zama mahaifarta ba.

Korona ta koya wa Afirka wannan darasi da zafi. Bayan tabbatar da mutum na farko da ya shigo da ita Legas a ƙarshen Fabrairun 2020, cibiyar ACEGID da abokan aikinta suka fitar da cikakken jerin haruffan ƙwayar cikin 'yan kwanaki, wanda shi ne na farko daga Afirka. A watan Nuwamban 2021, masana a Botswana da Afirka ta Kudu, cikinsu akwai Sikhulile Moyo da Tulio de Oliveira, suka lura da wani nau'i mai sauye-sauye sama da 30 a ƙayar da ƙwayar ke maƙale wa jiki da ita. Suka sanar da duniya nan take, aka raɗa masa suna Omicron.

Tukuicin da suka samu shi ne rufe ƙofa. Ƙasashe da dama suka hana jiragen kudancin Afirka shiga. Birtaniya ta saka Najeriya ma a jerin ƙasashen da ta haramta wa shiga ranar 6 ga Disamba, kafin ta janye ranar 15 ga watan. A tsakanin haka hukumomin Holan suka gano nau'in a samfuran da aka ɗauka a ƙasarsu tun kafin sanarwar Afirka ta Kudu. Waɗanda suka fi kowa saurin karantawa da faɗin gaskiya su ne suka sha hukunci, abin da ya sa har yanzu ake muhawara kan me ƙasa za ta samu idan ta buɗe wa duniya bayananta.

Daga kwata zuwa kwamfuta

Annobar korona ta sa ƙasashen Afirka da yawa sun mallaki na'urorin karanta DNA. Na'ura dai ana iya sayo ta a rana ɗaya. Wanda zai zauna gaban miliyoyin gutsattsari ya san wanne ne sahihi, wanne ne datti, sai an shafe shekaru ana horar da shi, kuma da ya ƙware ƙasashen waje na zawarcinsa. Ga buƙatar lantarki da ba ya yankewa a tsakiyar lissafin da kan ɗauki kwana biyu, ga intanet da zai iya ɗaukar gigabait ɗari.

Ta wani ɓangaren kuma ƙofar a buɗe take fiye da yawancin fannonin kimiyya. Rumbuna irin GenBank kyauta ne, manhajojin da aka fi amfani da su kamar BLAST, R da Python kyauta ne. Ɗalibin ilimin halittu ko na kwamfuta a Kano, Zariya ko Maraɗi na iya sauko da jerin haruffan ƙwayar Lassa da aka karanta a 2018, ya sake zana bishiyar da kansa a kan kwamfutar tafi-da-gidanka.

Bin sawun shan-inna ma bai tsaya ba. Tun 2011 ake ɗiban ruwan manyan kwatoci a Kano, daga baya aka faɗaɗa zuwa Sakkwato da wasu jihohi, domin ƙwayar na fita ta bayan gida ko da yaron da ke ɗauke da ita bai nuna alama ba. Ma'aikaci kan zura guga a kwatar da ta ratso unguwanni, ya cika gora, a saka ta cikin akwatin ƙanƙara a tura ɗakin gwaji. Idan aka samu ƙwaya, sai a karanta haruffanta 900 a aza su kan taskar, a ga ko 'yar gida ce, ko baƙuwa, ko kuma wata marainiyar da ta daɗe tana yawo.